Madubin Manhaja: Filin Gwajin Da Gwani Ke Ginawa A Ɗakinsa

Kusan duk wayar Tecno ko Infinix ko itel da za ka gani a hannun jama'a, daga Rafin Guza har tashar Kawo a Kaduna, manhajar Android ce ke tafiyar da ita. Mai waya yana ganin abin a dunƙule. A wajen masu ƙera ta kuwa, Android ɗaruruwan ma'ajiyoyi ne, kowace da rubutunta da tarihinta da masu kula da ita: ga ta madannan rubutu, ga ta saituna, ga ta siffofin haruffa, ga ta kyamara. Kamfanin Google ya buɗe wa duniya wannan rubutu a watan Oktoba na 2008, kuma ƙa'idar gidan ita ce gyara ba ya shiga ma'ajiya sai wani ya karanta shi layi-layi ya sa hannu. Wannan karatu da sa hannu shi ne bitar gyara.

To wanda ke son ya ƙware a bitar, ko jagoran wasu masu manhaja da ke son gwada sabuwar doka kafin ya ɗora wa abokan aikinsa, ina zai yi gwajinsa? Babu dama ya yi a sabar mutane, wato babbar kwamfutar da ainihin aikin ke zaune a cikinta, inda kowane kuskure zai tsaya a idon duniya ya kuma ci lokacin wasu. Yaron da aka kai koyon ɗinki ba a miƙa masa shaddar ango ranar farko. Takardar buhun siminti ake ba shi ya yi ta yanka har hannunsa ya faɗa. Masu manhaja su ma haka suke yi, sai dai tasu takardar dole ta zo daidai da shaddar ta kowace fuska. Suna ce mata madubi: kwafin ma'ajiyoyin da sunayensu da rassansu da tarihinsu, a ajiye cikin kwamfutar mutum, haɗe da 'yar ƙaramar sabar bita tasa ta kansa.

Kaduna ba ta rasa masu rubuta manhaja ba. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna yaye ɗaliban kwamfuta, ga kuma cibiyar CoLab da Sanusi Ismaila ya buɗe a Barnawa a 2016. Amma aikin madubi ba ya neman ofis. Ɗaki ɗaya a Rafin Guza, da teburi da kujera da mutum mai natsuwa, sun wadatar. Bari mu tsaya a bayansa mu ga yadda hannunsa ke tafiya.

Kayan aiki da lissafi

A kan teburin akwai kwamfutar cinya mai tsarin Linux, da faifan ajiya na waje, da waya ko 'yar na'urar da ke ba da intanet. A cikin kwamfutar kuma manhajoji uku ne ginshiƙai. Ta farko Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin Linux. Git yana ɗaure kowane gyara ya zama ƙulli ɗaya da ake kira kwamit: abin da aka canza, wanda ya canza, yaushe, kuma don me. Ta biyu repo, wadda Google ya rubuta da yaren Python, aikinta kora ma'ajiyoyin Git masu yawa da umarni ɗaya. Ta uku Gerrit, zauren bitar kansa, aikin Shawn Pearce, wanda ya rasu a 2018. Gerrit ya samo asali ne daga wata manhajar bita mai suna Rietveld da Guido van Rossum, mai yaren Python, ya rubuta.

Kafin ya danna komai, sai ya ɗauki biro. Jagorar da Google ya fitar ta ce sauke rubutun Android na cin giga 250 na faifai, gina shi kuma na neman ƙarin 150. A ƙasar da Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, wannan lissafi ba na wasa ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwani ya san gwajin bita ba ya buƙatar a gina Android, don haka ba ya buƙatar duk ma'ajiyoyin. Uku ko huɗu da ke jingine da juna sun isa su nuna masa duk abin da ɗari za su nuna.

Karatun manifes

Ta yaya zai san waɗanda zai zaɓa? Akwai ɗan fayil mai suna default.xml, wanda ake kira manifes. Shi ne jerin ma'ajiyoyin aikin duka. Kowane layi yana faɗin sunan ma'ajiya a saba da kuma gurbin da za ta zauna a kwamfutar mai aiki. A can sama kuma an rubuta inda ake ɗebo su, da inda ake tura gyara don bita, da reshen da za a bi. Reshe shi ne layin tarihi ɗaya daga cikin da yawa da ma'ajiya ke iya ɗauka a lokaci guda.

Mai gaggawa yakan tsallake wannan fayil, ya kwafo umarni daga intanet ya liƙa. Mutuminmu karanta shi yake yi daga sama har ƙasa, don sunayen rassa ba sa zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2025 Google ya mayar da aikin yau da kullum na Android cikin gida, ya shawarci masu saukewa su koma reshen android-latest-release. Wanda ke bin tsohon umarni ido rufe zai ƙone data a kan reshen da aka bari. Daga cikin jerin sai ya ja layi ƙarƙashin uku: LatinIME ta madannan rubutu, Settings ta saituna, da build mai dokokin gini.

Saukewa

Ya buɗe sabuwar jaka a faifan waje, ya rubuta repo init, ya ba shi adireshin manifes, ya ƙara kalmar --mirror. Wannan 'yar kalma ita ke sa a sauko da ma'ajiyoyin yadda suke a saba, da dukkan rassa da alamomin fitowa, ba reshe ɗaya na aiki ba. Sannan repo sync, tare da sunayen waɗanda ya zaɓa, har da manifes ɗin da ita repo kanta. Akwai harafin -j da ke faɗin ma'ajiya nawa za a ja a lokaci ɗaya. Mai layi mai ƙarfi yakan sa takwas ko fiye. Shi yakan tsaya a biyu, don ya san ƙarfin abin da ke shigowa ɗakinsa.

Yawanci da dare yake wannan aiki, bayan majalisar bakin titi ta watse, lokacin da layi ya yi sauƙi kuma datar dare ta fi araha. Ya cika batirin kwamfuta tun da rana. Faifan ma ya zaɓi irin wanda ke shan wuta daga jikin kwamfutar, don idan an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu kada fayil ya tsage. In layi ya yanke, ba ya tayar da hankali: ma'ajiyar da ta kammala ta kammala, wadda aka katse ce kawai za a sake. Shi ya sa yake fara da ƙanana, ya bar babbar sai tsakar dare.

Da safe ɗan koyo zai leƙa jakar ya ga sunaye masu ƙarewa da .git, ya buɗe ɗaya bai ga rubutun da zai karanta ba. Yakan ce, "Yaya, ai babu komai a ciki." Amsar ita ce komai yana ciki, a matse yake. Irin wannan ma'ajiya ba ta shimfiɗa fayiloli don aiki, tarihi kawai take riƙewa, kuma haka saba ke ajiye su.

Gwani bai yarda da "ai ya sauka" ba sai ya auna. Kowane kwamit yana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40, wadda ake lissafowa daga abin da ke cikinsa. Ko ɗigo ɗaya ya canza, lambar ta sauya gaba ɗaya. Sai ya bi ma'ajiyoyin ɗaya bayan ɗaya da umarnin git fsck, wanda ke sake lissafin ya tona duk abin da ya lalace. Sannan ya tambayi sabar asali lambar da ke kan reshenta da git ls-remote, ya jera ta da tasa. In sun zo ɗaya, madubi ya tabbata madubi.

Madubi biyu

A nan ne ake gane wanda ya daɗe a aikin. Ba ya ɗora Gerrit a kan madubin da ya sha wahalar saukewa. Yakan yi kwafi na biyu. Dalili kuwa, tun daga fitowa ta 3.0 a 2019, Gerrit yana rubuta duk bayanan bita a cikin ma'ajiyoyin Git ɗin kansu: sharhi, ƙuri'a, har da dokokin izini. Gwaji ɗaya ya isa ya cakuɗa su. Don haka na farko yana zama tsaf, ba a taɓa shi sai ranar sabuntawa, na biyun kuma shi ne na ɓatawa. Kwafin ma ba ya cin wuri, domin idan a faifai ɗaya aka yi shi, Git yana nuna wa sabuwar ma'ajiya fayilolin tsohuwar ne maimakon ya sake rubuta su. Abin da ya ci dare guda wajen saukewa, cikin daƙiƙoƙi ake kwafarsa.

Gerrit kansa fayil ɗaya ne mai suna gerrit.war, yana gudana a kan Java. Ya kunna shi da kalmar init, ya nuna masa jakar kwafi na biyu a matsayin gidan ma'ajiyoyi. Ajiye su kai tsaye a jakar yana da hikima. Da ta ƙofar Gerrit ya turo su, da an tare shi, don Gerrit ba ya karɓar kwamit mai ɗauke da imel ɗin wani daga hannun wanda ba shi ba sai da izini na musamman, tarihin Android kuwa cike yake da sunayen mutane barkatai.

Sai saituna uku da yake yi da hankali. Na ɗaya, ya sa Gerrit a yanayin gwaji, inda mutum ɗaya zai iya shiga da kowane suna ba tare da kalmar sirri ba. Na biyu, tunda hakan ƙofa ce a buɗe, ya umarce shi kada ya saurari kowa sai wannan kwamfutar: ƙofa mai lamba 8080 don shafin da ake gani, mai lamba 29418 don tura gyara. Na uku, ya kashe aika imel, kada saƙon gwaji ya fita daga ɗakin. Bayan nan ya buɗe asusu uku, na mai gyara, na mai bita, da na shugaba. Dokokin izini ba sa biyo madubi, don haka da hannu yake rubuta su a ma'ajiyar All-Projects, wadda sauran ke gada daga gare ta: wa zai tura, wa zai jefa ƙuri'a, wa zai shigar.

Layin da ke kayar da mutane

Yanzu ya koma kan manifes na kwafi na biyu. Ya goge layukan ma'ajiyoyin da bai sauke ba. Sannan ya tsaya a kan layi ɗaya na sama, mai ɗauke da kalmomi biyu, fetch da review. A gaban fetch, wato inda ake ɗebowa, ɗigo biyu ne kawai, ma'anarsu "nan kusa da inda manifes yake". Saboda haka da manifes ya dawo kwamfutarsa, ɗebowa ta biyo shi da kanta. A gaban review kuwa, inda ake tura gyara, cikakken adireshin sabar bitar Google ne a rubuce, kuma ba ya motsawa sai an motsa shi.

Wanda bai lura ba zai ga komai na sauka daga faifansa lafiya lau, ya ɗauka ya raba gari da waje. Ranar da ya tura shirmen gwajinsa, sai ya kama hanyar sabar mutane. Gwani ya goge adireshin, ya sa na kwamfutarsa, ya ɗaure gyaran. Bai tsaya nan ba. Ya kashe intanet ɗin ɗakin ɗungurungum, sannan ya buɗe jakar aiki ya yi repo init daga madubi na biyu. Nan wani ɓoyayyen zare ke bayyana: repo takan je intanet ta ɗauko sauran jikinta duk lokacin da aka fara sabuwar jaka. Shi ya sa tun farko ya sauke ta, yanzu sai ya nuna mata kwafinta na gida. Idan komai ya tafi alhali waya na kashe, to babu sauran igiyar da ta haɗa shi da waje.

Gwajin kansa

A ce gyaran gwajin shi ne ƙara maɓallan ƙ da ɗ da ɓ a madannan rubutu, da kuma ɗan zaɓi a saituna na kunna su. Gyara ɗaya ne a ido, amma ya taɓa ma'ajiya biyu, kuma irinsa ne ke wahalar da masu bita. Ya buɗe reshen aiki a duka biyun da repo start, ya yi rubutunsa, ya ɗaure kowanne. Yayin ɗaurewa wani ɗan shiri mai suna commit-msg yana liƙa layi a ƙasan bayanin, Change-Id, harafin I da lamba mai tsawo. Da wannan layi Gerrit ke gane gyara ko an sake masa fasali sau goma.

Sai repo upload. Gyaran ba ya faɗawa kan reshe. Yana zuwa wani zaure mai suna refs/for, inda Gerrit ke tsare shi, ya ba shi lamba, ya ajiye shi a adireshi irin refs/changes/01/1/1: alƙaluma biyun ƙarshe na lambar gyara, lambar kanta, sannan zubi na nawa ne.

Ya fita daga asusun mai gyara ya shiga na mai bita. Shafin ya nuna tsohon rubutu a hagu, sabo a dama, abin da aka cire da ja, abin da aka ƙara da kore. Ya danna layi ɗaya ya rubuta wa kansa, "Malam, wannan ya maimaita na sama, a cire ɗaya." Ya jefa ƙuri'ar -1. Ƙuri'un daga -2 suke zuwa +2, kuma ba a tara su: +1 biyu ba sa zama +2. Ita +1 cewa take "na gani, ya yi mini", +2 ce ke buɗe ƙofa, -2 kuwa ta rufe ta ko da wani ya amince. Duk wannan a rubuce yake a jagora, amma shi sai ya gwada kowanne da hannunsa. Ya ba da +1 daga asusu biyu ya ga maɓallin shigarwa bai fito ba. Ya ba da +2 da -2 tare ya ga wace ta rinjaya.

Ya koma mai gyara, ya cire layin, ya sake ɗaure kwamit ɗin da Change-Id ɗinsa na dā, ya tura. Gerrit ya ajiye shi zubi na biyu a ƙarƙashin gyara ɗaya, sharhin na nan a gefe. Sai kuma da gangan ya goge Change-Id ya tura, don ya ga yadda Gerrit ke ƙin karɓa ko yake buɗe sabon gyara, gwargwadon dokar da aka sa. Ya sa asusu biyu su taɓa layi ɗaya, ya shigar da na farko, ya ga na biyu ya cije, ya warware rikicin.

Babban gwajin shi ne na ma'ajiya biyun. Idan gyaran saituna ya shiga, na madannai bai shiga ba, an sami maɓallin kunna abin da babu shi. Maganin shi ne a ba gyare-gyaren biyu take ɗaya. Amma take kaɗai ba ya ɗaure su. Akwai saiti mai suna submitWholeTopic, wanda a kashe yake zuwa. Ya gwada a kashe, ɗaya ya shige ya bar ɗan'uwansa. Ya kunna, ya sake kunna Gerrit, sai shafin ya ƙi sakin ɗaya sai an amince da duka biyun. Jagoran da ya ga wannan da idonsa a ɗakinsa ba zai bari abokan aikinsa su gano shi ranar da aiki ya karye ba.

Rushewa da sake gini

Da ya gama, sai ya goge kwafi na biyu da Gerrit ɗinsa gaba ɗaya, ba tare da wani ɗar ba. Duk umarnin da ya bayar ya riga ya jera su a fayil ɗaya, wanda zai sake gina filin cikin 'yan mintuna. Filin gwajin da mai shi ke tsoron rushewa bai gama ginuwa ba. Madubi na farko kuma yakan sabunta shi lokaci-lokaci, kuma sabon abin da aka ƙara kawai ke sauka. Abokin da ke son irinsa ba sai ya sayi data ba, faifai zai kawo a zuba masa. Da yake Rafin Guza na gaɓar kogin Kaduna, unguwa ce da ta san ambaliya a damina mai ƙarfi, mai hankali yakan bar kwafi ɗaya a gidan wani ɗan'uwa da ke kan tudu.

Wannan ƙwarewa ba ta tsaya a Android ba. Da Gerrit ake bitar Chromium da LibreOffice da yaren Go da LineageOS. Wikipedia ta Hausa tana gudana ne a kan MediaWiki, wadda Gidauniyar Wikimedia ta mayar da bitarta kan Gerrit a 2012. Uwar manhajar na ma'ajiya ɗaya, ƙarin sassanta kuma ɗaruruwa, kowanne da tasa. A can babu manifes irin na repo, ɗaya-ɗaya ake kwafowa, kuma akwai nasa tarkon: umarnin git clone --mirror yana kwaso har da gyare-gyaren da ke zauren bitar asali, waɗanda lambobinsu za su yi karo da na gida. Wanda ya sani rassa da alamomi kawai yake ɗauka. Bahaushen da ke son wata rana ya gyara yadda waɗannan manhajoji ke mu'amala da haruffanmu, ta wannan zaure zai bi, kuma masu bita suna saurin gane wanda ya zo a shirye.

Saboda haka, ɗalibin kwamfuta da ke karanta wannan, kada ka jira faifai mai giga 400 ko layin intanet na ofis. Nemi ƙananan ma'ajiyoyi uku, ka sauke su dare ɗaya, ka yi kwafi biyu, ka kafa Gerrit, ka zama mai gyara ka zama mai bita. Kafin ka tura gyaran farko, ka buɗe manifes ka duba adireshin da ke gaban review, sannan ka kashe intanet.